Ƙusa, Bindiga da Jan Fensir: Wa Ya Ƙarar da Mutanen Beothuk?

Ranar 6 ga Yuni, 1829, tarin fuka ya kashe wata mata a garin St. John's na tsibirin Newfoundland, gabashin Kanada ta yau. Sunanta Shanawdithit. Turawa suka rubuta cewa da ita aka rufe ƙofar ƙabilar Beothuk, mutanen nan masu shafe jikinsu da kwalekwalensu da jar ƙasa. Yau kusan shekara 200 ke nan, masana tarihi ba su daina kai ruwa rana kan abin da ya ci su ba.

A 1959 marubuci Harold Horwood ya fito ƙarara ya ce farautarsu aka yi kamar namun daji, don nishaɗi. An zarge shi da ƙara wa miya gishiri, amma fa jinin da aka zubar ba ƙage ba ne. A Maris na 1819, wani Bature, John Peyton ƙarami, da mutanensa suka bi ta kan daskararren tafki suka kama wata ƴar Beothuk mai jego, Demasduit. Mijinta Nonosabasut ya biyo su neman matarsa, suka kashe shi nan take. Jaririn bai yi kwanaki ba ya bi uban. Masu shari'a kuwa suka wanke Peyton.

To, sai ga masu haƙar kayan tarihi da wata hujja ƴar ƙarama: ƙusa. A Boyd's Cove, wani tsohon mazaunin Beothuk, Ralph Pastore ya tono ɗimbin ƙusoshin Turawa, wasu an buge su an mayar da su tsinin kibiya. Masuntan Turai kan zo ne lokacin zafi, su busar da kifi, su koma gida kafin sanyi, su bar rumfuna da jirage. Beothuk sai su sauko su zare ƙarfen da suke so. Ka ga wanda ya samu ƙarfe a ɓagas, me zai kai shi ciniki? Shi ya sa, in ji Pastore, ba a samu ɗan kasuwa ko ɗan mishan da ya zauna cikinsu ya ji harshensu ba, alhali a 1612 sun yi musayar kaya lami lafiya da wani Baturen Ingila, John Guy. Da Turawa suka kafa gidaje a bakin teku suka tare kogunan kifi, sai ɗaukar ƙarfe ta zama sata a idonsu, ramuwa ta biyo baya. Beothuk suka ja cikin daji inda abinci bai wadata ba, yunwa da tarin fuka suka ƙarasa aikin.

Wannan bayani ya zauna, sai dai yana da santsi: in ba a yi hattara ba, laifin ya koma kan yunwa, a manta da wanda ya tare kogin. Masu cewa kisan ƙare dangi ne, nan suke kafa hujja.

An kuma daɗe ana yaɗa cewa Faransawa ne suka biya ƙabilar Mi'kmaq, maƙwabtansu a tsibirin, su kashe Beothuk. Ba a samu takardar da ta tabbatar ba. Su Mi'kmaq cewa suke wasu Beothuk sun tsira, sun yi auratayya da su, don haka kalmar "sun ƙare" ma ba su yarda da ita ba.

Ita Shanawdithit fa? Kafin ta rasu ta zana wa wani Bature, William Cormack, taswirar tafkin da yadda aka kama Demasduit, mutanenta da jan fensir, Turawa da baƙin fensir. Cormack ɗin nan, mai neman ceto su, shi ne ya ɗebe ƙoƙon kan Demasduit da na mijinta daga makwancinsu, aka kai Sikotland. Sai a 2020 aka dawo da su Newfoundland.