Amsoshin Tambayoyinku: Borrow da Lend, Wa Ke Bayarwa, Wa Ke Karɓa?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko ta fito daga wani ɗalibi da ke shirin zana WAEC, daga wani ƙauye kusa da Ringim. Ya ce malaminsu ya soke masa jimla da jan biro don ya rubuta "borrow me your hoe", alhali haka yake ji kowa na faɗa. Wai ina laifinsa?

To, samari, malaminka ya yi daidai. Hausa ce ta biyo ka har cikin Turancin. Mu kalma ɗaya muke lanƙwasa wa ƙarshe: na ari fartanya, na ara masa fartanya. Bature kuwa kalmomi biyu ya tanada. Mai karɓa shi ke yin borrow, mai bayarwa shi ke yin lend. In kana roƙon maƙwabcinka, sai ka ce "lend me your hoe", ko kuma "can I borrow your hoe?" Ka lura, borrow da from take tafiya, lend kuma da to. In abin ya riga ya wuce, lend ta koma lent. Kar ka kuskura ka rubuta lended.

Amma fa akwai inda muka fi su. Mu mun raba aro da rance. Ka ari garmar shanu, ita ɗin za ka mayar. Ka ranci kwano biyar na gero a tsakiyar damina, ai ba wannan geron za ka biya da kaka ba, tuni ya zama tuwo! Bature bai damu da wannan ba, duk borrow ne a wurinsa, har kuɗin banki.

Sai wata baiwar Allah daga ƙauyukan Ɗambatta, tana tambayar hear da listen. Hajiya, wannan ba wuya, ji ne da saurare. Kina daka kika ji kukan babur, hear ke nan. Kika ajiye taɓarya kika kasa kunne ga rediyo, kin yi listen, kuma ki liƙa wa listen kalmar to, wato listen to. Sai dai ƙamshin miya ba a yi masa hear, smell ake cewa.

Mai tambaya kan say da tell daga Gwaram, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa, mai kula da na'ura na ta nuna mini agogo.