Ya yi wata shida a gidan yari bai sha ƙwaya ba, me ya sa ta kashe shi da fitowarsa?

[Hoto: layin fursunoni a gaban tagar asibitin gidan yari]

Wannan ɗan kofin da nas ke miƙawa shi ne ya ta da ƙura. Wai yaya za a ɗaure mutum saboda ƙwaya, sannan hukuma ta riƙa ba shi wata kowace safiya? Metadon ke cikin kofin, maganin da ake ba wanda ya kamu da hiroyin ko danginta. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna, shi da bufrenofin mai irin aikinsa.

An kama mai shan hiroyin ko danginta. A wasu wuraren kotu kan ba shi zaɓi, ko magani ko ɗauri. A Miami ta Amurka aka fara irin wannan kotun a 1989. Wanda bai samu wannan ba, sai gidan yari.

Kwanakin farko ba kyan gani: gumi, amai, gudawa, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. Bayan mako ɗaya ko biyu jiki ya lafa, har ya fara ƙiba. Dangi su zo ziyara, su koma suna hamdala, wai ya rabu da ita.

To, a nan ake yin kuskuren.

[Zane: ƙirji na hawa da sauka]

Wannan dangin ƙwayoyin numfashi suke ragewa. Wanda ya daɗe yana sha, jikinsa ya saba, yana ɗaukar abin da zai kwantar da wani har lahira. In ya yi watanni bai sha ba, wannan sabon sai ya zube. Amma kwaɗayin yana nan daram, kuma hannu bai manta da tsohon awo ba. Ranar da aka sallame shi, ya sayi daidai abin da ya saba saya.

Kalli ƙirjin. Numfashi na ja baya. Ƙwayar ido ta tsuke, leɓe ya sauya launi, ga wani irin minshari. Abokai su ce a bar shi, barci yake.

Wani bincike da aka buga a 2007 kan waɗanda aka saki daga gidan yari a jihar Washinton ta Amurka ya gano cewa a makonni biyun farko, haɗarin mutuwarsu ta wannan hanya ya ninka na sauran jama'a sau 129.

Aikin kofin nan ke nan. Metadon na kwana ya wuni a jiki, in an auna shi daidai ba ya bugarwa, yana kwantar da kwaɗayi, kuma ba ya barin sabon da jiki ya yi ya zube. Sai dai fa ba ya maganin wiwi ko hodar iblis, kada wani ya je ya ce ni na faɗa.

Jihar Rod Ailan ta Amurka ta buɗe shirin ba fursunoninta waɗannan magunguna a 2016, tare da haɗa su da asibiti bayan sallama. Mace-macen sabbin fitowa sanadin ƙwaya ya sauka daga 26 zuwa 9, in aka kwatanta rabin farko na 2016 da na 2017. Adadin ba shi da yawa, amma ni dai ya ishe ni hujja.

[Hoto: ƙaramin kwali a hannun ganduroba]

Wannan kuma naloksan ne, mai dawo da numfashi cikin mintuna. Tun 2011 Sikotlan ke miƙa shi ga fursunonin da ke cikin haɗari ranar fita. Ƙarfinsa kan ƙare cikin awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, ƙwayar kuwa tana iya wuce nan. Ko mutum ya farka yana faɗa, a kai shi asibiti.