Jawabin Maraba ga Mai Girma Farfesa, daga Kwamitin Malamai da Iyaye na Hausawa Mazauna Bronx, New York

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Farfesa, shugaban sashen tarihi kuma babban baƙonmu na yau, limamai da dattawa, iyayenmu mata, malamai da ɗalibai.

Ranka ya daɗe, Hausawan Bronx baki ɗaya, na Ghana da na Nijar da na Najeriya, suna yi muku barka da zuwa, sannu da hanya. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanku ba, kowa a ɗakin nan ya sani. Ɗanmu ne ku, kun hau kujerar da muke alfahari da ita, girman bai hana ku amsa gayyatar talakawa ba. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Tun kafin shayi ya huce za mu faɗi abin da ya tara mu. Muna roƙon jami'arku ta shirya wa malamanmu bita ta mako guda a dogon hutun watan Yuli, a kan koyar da tarihin Amurka na zamanin mulkin mallaka.

Ranka ya daɗe, a jihar nan ana koyar da wannan zamani a aji huɗu, a maimaita a aji bakwai, a kuma tarar da shi a jarrabawar aji goma sha ɗaya. Yaranmu sun haddace Jamestown ta 1607, garin da Ingilishi suka kafa a Bajiniya, da jirgin Mayflower na 1620 da ya kawo 'yan ci-rani daga Ingila. Amma tambayi yaro abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa a birnin da aka haife shi, sai ya yi shiru. Alhali kuwa birnin nan, tun yana New Amsterdam a hannun mutanen Holan, da gumin baƙar fata aka kafa shi. Wajen 1626 aka sauke bayin farko, maza goma sha ɗaya. Su da waɗanda suka biyo bayansu suka sare daji, suka fitar da hanyoyi, suka sa hannu a ginin ganuwar 1653 wadda titin Wall Street ya samo sunansa daga gare ta. Ingilishi suka karɓe garin a 1664, abin sai ya ƙaru. A 1711 aka buɗe kasuwar bayi a bakin wannan titi, inda yau ake juya dukiyar duniya. A 1712 bayi suka yi bore. A 1741, bisa zargin makirci, aka kashe baƙaƙe 30, wasu ta hanyar rataya, 13 aka ƙone su da ransu. A wancan lokacin kusan mutum ɗaya cikin biyar na birnin bawa ne. Bauta ba ta ƙare a jihar nan ba sai 1827. Ko a nan Bronx, gidan Van Cortlandt da aka gina a 1748, wanda muke wucewa ta gefensa da yara ranar Lahadi, gonar alkama ce da bayi suka noma.

A 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati a kudancin Manhattan, aka ci karo da maƙabartar Afirkawa. An tono gawa 419, an yi nazarinsu a Jami'ar Howard, aka sake binne su a 2003. Alamu sun nuna yawancinsu a naɗe cikin likkafani aka binne su tun farko. A cikinsu akwai wata mata da aka samu da jigida a ƙugunta, ta duwatsun ado haɗe da wuri, haƙoranta na gaba a fiƙe. Duk uwar da ke zaune a ɗakin nan ta san jigida, ba sai an yi mata bayani ba. Ina laifin a kai 'ya'yanmu mata su tsaya a wurin, malami ya ba su labarin wannan baiwar Allah? Amma malamin shi ma sai an kai shi tukuna.

Nan ne kukanmu yake. Malamanmu ba ragwaye ba ne. Dokar jiha ta wajabta wa mai cikakkiyar takardar koyarwa awa 100 na ƙarin horo a duk shekara biyar, suna kuwa cikawa. Sai dai yawancin abin da ke zuwa musu dabarun cin jarrabawa ne da sabuwar manhajar kwamfuta. Wanda zai zaunar da su a gaban takardar gado ta shekarun 1700, inda aka jera sunan mutum tare da shanu da tukwane, ya nuna musu yadda ake karanta ta da ɗan shekara goma sha biyu ba tare da an karya masa zuciya ba, shi muka rasa. Akwai bita mai kyau da ake yi wa malamai a Williamsburg ta Bajiniya, amma nisa da ɗawainiyar iyali sun fi ƙarfin yawancin namu, musamman malamai mata masu ƙananan yara.

Saboda haka muke sake roƙo, ranka ya daɗe: bitar nan, a nan gida, ƙarƙashin sunan jami'arku, domin awannin su shiga lissafin malamai. A haɗa da malaman Islamiyyarmu na Asabar da Lahadi. Su ne ke karanta Larabci, kuma sun cancanci su ji labarin Ayuba Sulaiman Diallo, Bafulatanin Bundu, a ƙasar Senegal ta yau, da aka sayar a Maryland a 1731, wanda wasiƙar da ya rubuta da Larabci ta zama sanadin 'yancinsa.

Muna kuma fatan a ba malamanmu katin shiga ɗakin karatun jami'a, da mota ɗaya ta kai su maƙabartar da gidan Van Cortlandt. In waɗannan sun yi nauyi, a ajiye su zuwa baɗi. Bitar ce ba za ta jira ba, domin malamai tun watan Afrilu suke tsara hutunsu. Ɗaki muna da shi, abincin rana iyayenmu mata sun ɗauki nauyinsa, sunayen malamai kuma ga su a takarda, sakataren kwamiti zai miƙa muku yanzu. Abin da ya rage sa hannunku ne, da malamai biyu ko uku daga sashenku.

Allah ya saka da alheri, ya mayar da ku gida lafiya. Wassalamu alaikum.