UC-5: ɗan ƙaramin jirgin Jamus da ke dasa nakiya a bakin ƙofar Ingila

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, 'yan uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To madalla.

Idan aka ambaci jiragen ƙarƙashin teku na Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da ke zuwa zukatan mutane shi ne kwamanda ya leƙa ta madubin leƙe, ya hango jirgi, ya sakar masa tofido, wato bam mai gudu da kansa a cikin ruwa. Jirgin da za mu yi magana a kansa yau ba shi da tofido ko ɗaya, ba shi da igwa, bindiga mai sarrafa kanta guda ce kawai a cikinsa. Amma ya nutsar da jiragen ruwa kusan 30 cikin wata goma, kuma galibinsu mutanensa ba su taɓa sa su a ido ba. Sunansa UC-5.

A watan Oktoba na 1914 sojojin Jamus suka kame gaɓar tekun Beljiyam, wato garin Bruges da tashoshin Zeebrugge da Ostend. Daga nan zuwa bakin kogin Thames, inda kayan Landan ke shiga, tafiya ce 'yar kaɗan. Sai hafsoshin ruwan Jamus suka ce ba sai an jira manyan jirage masu cin shekara biyu ana ƙira ba, a yi ƙanana da za a gama cikin watanni. A watan Nuwamba aka ba da kwangilar guda 15. Kamfanin Vulcan na Hamburg ya ƙera 10, kamfanin Weser na Bremen ya ƙera 5. An yi su yadda za a iya rarraba su gida-gida a ɗora a jirgin ƙasa, a je a harhaɗa a inda ake bukata. Huɗu daga cikinsu ma haka aka kai su har Pola, tashar Ostiriya a tekun Adriatik.

Tsawon kowanne mita 34 ne, nauyinsa tan 168, mutum 14 ke ciki. Injin dizal guda, mai ƙarfin doki 90. Gudunsa a saman ruwa bai wuce kilomita 12 a awa ba, ka ga ke nan yaro a kan keke zai wuce shi yana ɗaga masa hannu. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi a mashigin Dover, da ƙyar yake ci gaba.

To ina ƙarfinsa yake? A gabansa. Kusan rabin jirgin na gaba ramuka ne guda shida, a ɗan karkace, kowanne faɗinsa mita guda, sun ratsa jikin jirgin daga sama zuwa ƙasa, ruwan teku na shiga yana fita. A kowane rami nakiya biyu, ɗaya bisa ɗaya, jimla 12. Kowace nakiya tana ɗauke da kilo 120 na abin fashewa. Ina so ku fahimci yadda take aiki, don a nan labarin yake. Idan aka sake ta, sai ta faɗa ta ƙasan jirgin tare da ankarta, su sauka har gindin teku. Akwai wani matoshi da ruwa ke narkarwa a hankali. In ya narke, nakiyar ta rabu da ankar, ta taso sama tana jan waya, ta tsaya a zurfin da aka tsara mata, ƙasa kaɗan da saman ruwa inda ido ba ya gani. A kanta akwai ƙahonni na dalma, cikin kowanne da 'yar kwalba mai ruwan batir. Jirgi na gogar ƙahon sai ya lanƙwashe, kwalbar ta fashe, ruwan ya zubo ya haɗa wuta, shi ke nan.

Matsalar ita ce, tunda ramukan a cikin ruwa suke, da zarar an bar tasha babu mai iya taɓa nakiyar ko gyara ta. Kuma dole jirgin ya bi ta kan abin da ya saki. In matoshin nan ya narke da wuri, nakiyar za ta taso ne daidai ƙarƙashin masu ita. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A watan Maris na 1916, UC-12, ɗaya daga cikin 15 ɗin nan, ya tarwatse da nakiyarsa a bakin tashar Taranto, Italiyawa suka tsamo shi, suka gyara, suka sa masa suna X-1, ya koma yi musu aiki. Wannan UC-12 ɗin, kafin nan, har makamai ya riƙa kai wa 'yan Sanusiyya a gaɓar Libiya, mutanen da Kawusan, jagoran Abzinawa, ya dogara da su lokacin da ya yi wa Agadas ƙawanya a ƙarshen 1916. Amma wannan laccar wata rana ce.

Mu dawo kan namu. An miƙa UC-5 ga rundunar ruwa a watan Yuni na 1915, ƙarƙashin wani matashin hafsa, Herbert Pustkuchen, aka tura shi rundunar Flanders, wato wadda ke gaɓar Beljiyam. Aikin nasu na dare ne. A fito daga Bruges ta magudanar ruwa zuwa Zeebrugge, a ratsa tsakanin tudun yashi da ragar ƙarfe da Ingilishi suka shimfiɗa, a nemi fitilar kan ruwa ko alamar hanya. Dalili kuwa, duk jirgin kasuwa dole ya bi kusa da alamar, don kada ya kafe a yashi. Alamomin da Ingila ta kafa don tsaron jiragenta su ne suka zama jagora ga mai dasa nakiya. A zuba 12 ɗin, a juya gida, a sake lodi. UC-5 ya yi irin wannan fita sau 29. A watan Agusta na 1915 shi ne jirgin dasa nakiya na farko da ya kutsa ta mashigin Dover, ya zuba kayansa a gaban Boulogne ta Faransa.

Da farko Ingilishi sun rasa gane daga ina nakiyoyin nan ke fitowa. An share hanya jiya, yau jirgi ya tashi a wurin. Sai a watan Yuli na 1915 da UC-2 ya nutse kusa da Yarmouth, masu nutso suka sauka suka ga ramukan da idonsu. Masu sharar kuma, ku sani, yawancinsu masunta ne daga garuruwa irin su Grimsby da Hull, da jiragensu na kamun kifi, biyu-biyu suna jan waya a tsakaninsu don ta yanke igiyar nakiya, ta taso, a harbe ta da bindiga. Da yawa cikinsu a nan suka ƙare.

Ranar 17 ga Nuwamba 1915, da tsakar rana, jirgin asibiti mai suna Anglia yana dawowa daga Faransa da sojoji kusan 400 da suka ji rauni. Fari ne fat, da jan kuros a jikinsa, duk wanda ya hango shi ya san ko mene ne. Makonni kaɗan kafin nan shi ya dawo da Sarki George na Biyar gida bayan ya faɗo daga kan doki a Faransa. Kusa da Folkestone ya taka nakiyar UC-5. Cikin kamar minti 15 ya nutse. Ku tuna waɗanda ke ciki: mutane ne a kwance kan gadaje, wasu an yanke musu ƙafa, wasu a ɗaure da karan ɗori. Fiye da 130 suka mutu. Wani jirgin dakon gawayi ya matso ya sauke kwale-kwale don ceto, shi ma ya taka wata nakiyar ya nutse. Sunansa Lusitania, amma ba wancan babban jirgin fasinja da Jamus ta nutsar a watan Mayu ba, suna ne ya zo ɗaya.

Ni a ganina wannan ne ya bambanta makamin da tofido. Mai tofido yana gani, yana iya fasawa, kuma in ya harbi jirgin asibiti akwai wanda za a kama da laifi. A nan kuwa Pustkuchen zai ce hanya ya dasa wa, bai nufi kowa ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Yarjejeniyar Hague ta 1907, wadda ƙasashe suka ƙulla kan dokokin yaƙi, ta hana dasa nakiya a gaɓar abokin gaba idan manufar kawai tare jiragen kasuwa ce, amma Jamus ba ta amince da wannan sashe ba, kuma ko da ta amince, wa zai tabbatar da abin da ke zuciyar wanda ya dasa? Shi dai Pustkuchen bai tsira daga zargi ba, don bayan ya koma wani jirgin, shi ya harbi Sussex mai ɗaukar fasinja a watan Maris na 1916, abin da ya kusa raba Jamus da Amurka tun a lokacin. A 1917 ya mutu a teku.

Ƙarshen UC-5 ya zo ranar 27 ga Afrilu 1916, a hannun sabon kwamanda, Ulrich Mohrbutter. Ba harbinsa aka yi ba. Kafewa ya yi a tudun yashi na Shipwash, kusa da Harwich a gaɓar Ingila, ruwa kuma yana janyewa. Suka lalata takardu, suka ɗana abin fashewa, jirgin yaƙin Ingila Firedrake ya iso ya kwashe su duka da rai. Abin da suka ɗana ya tashi, ya huda jikin jirgin, amma nakiyoyin da ke ramuka ba su tashi ba. Sai da aka yi makonni ana lallaɓa shi, masu nutso suna ɗaure nakiyoyin don kada su zame, kafin aka ja shi zuwa Harwich.

Daga nan sai ya koma abin kallo. A bazarar 1916 aka ɗaure shi a kogin Thames, tsakiyar Landan, dubun dubatar mutane suka biya kuɗi suka yi layi don su gan shi. A watan Oktoba na 1917, bayan Amurka ta shiga yaƙi, aka kai shi New York gunduwa uku, aka ja shi kan titi zuwa Central Park, aka ce wanda ya sayi takardar ba gwamnati rancen yaƙi shi zai shiga ciki.

Cikin 15 ɗin nan, UC-4 ne kaɗai ya rage a hannun Jamus har Oktoban 1918, shi ma su suka nutsar da shi da kansu lokacin da suke janyewa daga Beljiyam. Amma tun kafin nan sun gamsu da dabarar, suka ƙera sabon samfuri guda 64, kowanne da nakiya 18, da tofido, da igwa.

Shugaba yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa lasifika.