Gigabayit 8 sun ba ni kunya a gaban baƙo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga birnin Kuala Lumpur. Yau da ɓacin rai na kunna kyamara, domin a daren Asabar kwamfutar da na shafe watanni ina kuri da ita ta watsa mini ƙasa a ido. Wani abokina ɗan Damagaram da muke karatu tare ya kawo mini ziyara, na zaunar da shi, na kunna sabon gem, na ƙure kyawun hoto har ƙarshe don ya ga bambancinta da PlayStation ɗinsa. Ba a yi minti goma ba hoton ya fara cijewa, fuskokin mutane suka koma kamar an shafa musu laka, shi kuwa ya yi murmushi kawai ya ce, "Malam, wannan ce kwamfutar?"

Laifin nawa ne. Ranar da na je Low Yat Plaza da ke Bukit Bintang sayen katin hoto, mai shagon ya ajiye mini guda biyu, mai gigabayit 8 da mai 16, na ɗauki na farko saboda 'yan ɗaruruwan ringgit, kuɗin Malaysia, da ke tsakaninsu, ina ganin na yi wayo. Ashe araha ba ta ado.

Katin hoto yana da tasa ma'ajiyar daban da ram ɗin kwamfuta, kuma a cikinta gem yake zuba zanen bango, tufafi, inuwa da duk abin da ido zai gani. Idan ta cika, dole sauran kayan su koma ram ɗin kwamfuta, wanda hanyar zuwa gare shi ta fi nisa da jinkiri, daga nan ne cijewar take farawa, ko kuma gem ɗin ya rage ingancin zanen da kansa ba tare da ya yi shawara da kai ba. Allona na 1440p ne, wanda ya fi 1080p yawan ɗigon hoto da cin wuri a ma'ajiyar, sannan na kunna fasahar bin hasken nan da ake yayi, mai sa haske da inuwa su fito kamar na gaske, ita ma da nata rabon. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ram ɗin kwamfuta kana iya ƙarawa gobe idan kuɗi sun samu, amma ma'ajiyar katin an liƙe ta da dalma a jikinsa, yadda ka saye shi haka za ku rabu.

Ku dubi yadda kasuwar take tafiya. Tun a 2016 katunan hoto GTX 1070 da RX 480 suke da gigabayit 8. A 2021 RTX 3060 ya fito da 12 a kan dala 329, amma RTX 4060 na 2023 ya zo da 8, haka ma RTX 5060 na 2025. RTX 5060 Ti kuwa kala biyu ya fito a 2025, mai 8 a dala 379, mai 16 a dala 429, wato dala 50 kacal ce a tsakani. Intel ma ta fitar da Arc B580 mai 12 a dala 249 a ƙarshen 2024. Su kuma masu ƙera gem, na'urorin PS5 da Xbox Series X suke dubawa, waɗanda tun Nuwamban 2020 suke ɗauke da gigabayit 16, duk da cewa a na'urorin nan ma'ajiyar ta haɗaka ce, hoto da sauran ayyuka duk daga tukunya ɗaya suke ɗiba. Shi ya sa lokacin da gem ɗin Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka fito a kwamfuta a farkon 2023, masu katin 8 suka yi ta ƙorafi.

Abokin nawa yana da gaskiyarsa, domin dala 499 aka fara sayar da PS5, na'ura cikakkiya har da hannunta, alhali wannan kuɗin kati ɗaya mai kyau kawai zai saya maka. Sai dai ban bar shi ya tafi da nasara ba. Na tuna masa cewa kafin ya buga ƙwallo da wani ta intanet sai ya biya PlayStation Plus, kusan dala 80 a shekara a farashin Amurka, ni kuwa a Steam, kasuwar gem ta kwamfuta, ko sisi ba na biya don wannan, kuma idan lokacin rangwame ya zo ina kwasar gem a kuɗin farantin shinkafa. Sannan wannan bidiyon da kuke kallo a kanta na tace shi, aikin makarantata ma a kanta nake yi.

Wani lokaci har dariya abin yake ba ni idan na tuna gidan gem na unguwarmu a Kano, inda muke layi a kan PS2, janareta na ruri a ƙofa, wanda aka ci ya miƙa hannu ya tashi. Katin ajiyar wasan nan megabayit 8 ne kacal, kuma ban taɓa jin wani ya yi kukan hoto ba.

Ƙanena da ke gida ya tambaye ni wanne zai saya, na ce masa ya ɗauki PS5, saboda wutar da take ja ba ta wuce wat 200 da 'yan kai ba, sola mai matsakaicin ƙarfi za ta riƙe ta, tawa kuwa akwatin wutarta na wat 650 ne. Kai kuma da ka nace sai kwamfuta, ina gargaɗinka kada ka sayi sabon kati mai ƙasa da gigabayit 12, in dai ba ƙwallo da ƙananan gem a 1080p kaɗai za ka tsaya ba. Nawa dai na ɗauki hotonsa jiya na sa shi a kasuwa, har yanzu mutum biyu ne suka taya, kuma dukansu abin da suka fara tambaya shi ne gigabayit nawa ne.