Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Akwai wata magana da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ni kuwa ta ishe ni. Duk sanda aka tashi ba da tarihin ado da rawa na Amurka a shekarun 1980, sai ka ji an ce wai mawaƙiyar nan Madonna ce ta kawo wa duniya rawar vogue, rawar da ake lanƙwasa hannu da kafaɗa, a tsaya cak kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ba ita ta ƙirƙiro ta ba. Masu abin suna nan da sunayensu, an san unguwarsu, an san shekarun da da yawansu suka mutu, kuma akasarin waɗanda suka mutun ba su bar komai ba.

Matasa ne baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka a unguwar Harlem ta birnin New York, akasarinsu maza masu shigar mata, wasu kuma sun koma rayuwa irin ta mata gaba ɗaya. Na san abin da wasunku za su ce: Malam, ina ruwanmu da waɗannan? Ku ɗan dakata. Ban zo halatta muku komai ba, wannan fagen malamai ne, kowa kuma ya san matsayin addininsa. Mu ma nan mun san 'yan daudu, mun san yadda ake sayen abincinsu a tasha a ci a ƙoshi, a juya baya a zage su. Batun da na zo da shi na haƙƙi ne. An umarce mu a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Ba a ce sai ma'aikacin da halinsa ya yi maka ba.

Ga yadda abin ya faro. A 1967 aka yi wata gasar sarauniyar kyau ta masu shigar mata a New York. Wata baƙar fata, Crystal LaBeija, ta fice daga dandali a fusace, tana cewa an shirya ne don farar fata ta ci. A farkon shekarun 1970 ta kafa ƙungiyarta, ta kira ta gidan LaBeija, suka fara shirya gasarsu ta kansu. Wasu gidajen suka biyo baya: gidan Xtravaganza a 1982, gidan Ninja, gidan Dupree. Kowane gida yana da uwa ko uba, su ke ciyar da yaran da iyayensu suka kora, su ba su wurin kwana, su koya musu ɗinki da tafiya da kwalliya.

Sai a kama zaure a Harlem, a fara da tsakar dare, a kai har wayewar gari. Ana gasa rukuni-rukuni. Wannan ya fito a matsayin babban manajan kamfani da kwat da jakar takardu, wancan soja, wancan ɗan jami'a, waccan matar attajiri mai zuwa liyafa. Alƙalai su duba ko da za ka bi titi a haka a yarda da kai. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Yaron da ba zai taɓa samun aikin ofis ba saboda launin fatarsa da yadda yake tafiya, ya yi wata guda yana ɗinka kwat da hannunsa don ya zama manaja na minti biyu. Abin da zai samu idan ya ci, kofi ne. Daga cikin wannan ƙunci rawar ta fito, suna kwaikwayon tsayuwar masu tallan kaya a mujallar ado ta Vogue, suna mai da ita faɗa ba tare da an taɓa juna ba.

To, wa ya ci moriyar?

A 1990 Madonna ta fitar da waƙarta mai wannan suna, ta hau saman jerin waƙoƙi a ƙasashe sama da 30, aka sayar da miliyoyin faifai. A cikin waƙar ta jero sunayen tsofaffin taurarin Hollywood, dukkansu fararen fata. Ko sunan Harlem babu. Masu kare ta suna cewa ai ta ɗauki 'yan rawa biyu daga gidan Xtravaganza, Jose Gutierez da Luis Camacho, ta zaga duniya da su. Gaskiya ne, kuma Allah ya sa sun amfana. Amma mutum biyu ne suka gina wannan fasaha? Ka kwashe amfanin unguwa guda, ka ba mutum biyu aikin wata shida ko shekara, ka ce an biya? Haba!

A wannan shekarar kuma fim ɗin Paris Is Burning ya fito, wanda Jennie Livingston ta yi shekaru tana ɗauka a waɗannan zauruka. A nan ina sassauta murya, domin da ba don wannan fim ba, da yau ba mu da fuskokinsu balle muryoyinsu, kuma matar ba attajira ba ce lokacin da ta fara. Sai dai lissafi lissafi ne. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 4 a gidajen sinima. Abin da aka raba wa mutum 13 daga cikin waɗanda suka fito a ciki, kimanin dala 55,000 ne, a dunƙule. Da wasunsu suka nemi zuwa kotu, sai aka nuna musu takardun amincewa da suka sa wa hannu. Shi ke nan, magana ta ƙare a shari'ance. Amma yaron da bai san inda zai kwana ba, ka miƙa masa takarda ka ce sa hannu za ka fito a fim, wane ciniki ka yi da shi? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ku dubi kuma lokacin. Cutar ƙanjamau ta bayyana a 1981, ta yi ta ɗibar mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Maganin farko, AZT, da aka amince da shi a 1987, kuɗinsa ya kai kimanin dala 10,000 a shekara. A daidai lokacin da salonsu ke sayar da faifai da mujallu da turare, su ba su da kuɗin magani. Angie, uwar gidan Xtravaganza, ta rasu a 1993 tana da shekara 28. Dorian Corey, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a fim ɗin, ita ma a 1993. Venus Xtravaganza ba ta ma ga fitowar fim ɗin ba, an tsinci gawarta a wani otal a 1988, an shaƙe ta, tana da shekara 23. Willi Ninja na gidan Ninja, wanda ya fi kowa a cikinsu samun shiga, har ya yi aiki da manyan masu zanen tufafi na Faris kuma ya koya wa masu tallan kaya tafiya, ya rasu a 2006 yana da shekara 45.

Wasu za su ce ai su ma kwaikwayon masu kuɗi suke yi, har wasunsu kan saci tufafi a manyan kantuna su shiga gasa. Haka ne, an yi, kuma sata sata ce. To, wanda ya saci riga ɗaya an san sunan da ake kiransa da shi, an san inda 'yan sanda ke kai shi. Wanda ya kwashe salon gaba ɗaya fa, da tafiyar, da rawar, da kalmomin, me ake kiransa? Mai basira. A ba shi lambar yabo.

In kuna son ganin yadda wannan ma'auni yake aiki, ga Dapper Dan, tela a Harlem ɗin nan. Ba ɗan gasar ba ne, amma unguwa ɗaya ce, zamani ɗaya. Ya buɗe shagonsa a 1982 yana ɗinka kaya da tambarin manyan kamfanonin Turai ba da izininsu ba. Suka kai shi ƙara, shago ya rufe a 1992. Shekara 25 bayan haka, a 2017, kamfanin tufafi na Gucci ya fito da wata riga da kowa ya gane ɗinkinsa ce ta shekarun 1980. Sai da jama'a suka yi ca a intanet, sannan kamfanin ya nemi yin haɗin gwiwa da shi, aka buɗe masa sabon shago. Ashe ana iya biya. Ya samu nasa ne don Allah ya ja kwanansa, kuma an sami masu yi masa ihu.

Gidan LaBeija yana nan har yau, gidan Xtravaganza ma yana nan, da gidan Ninja. Duk kamfanin tufafi ko mawaƙin da zai sa wannan rawa a tallarsa, ya san inda zai same su. Ya je ya yi ciniki da su tun kafin a kunna kyamara, ya rubuta sunansu a jikin aikin, ya biya su kaso daga riba, ba kuɗin mota ba.