Kafin ka sayi sabuwar injekta, saurari tsohuwar

Ka ji yadda babur ɗin nan yake tari? Ba ya riƙe silo, ka murɗa totur ya yi nauyi kamar an riƙe shi ta baya. Nan take a ce injekta, wato 'yar na'urar da ke fesa wa inji fetur, ta mutu. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau, datti ne.

Fara da kunne. Murɗa makulli, kar ka tayar. Za ka ji famfon mai ya yi ƙugi na daƙiƙa biyu zuwa uku sannan ya yi shiru. In ba ka ji ba, bar injekta, koma kan famfo da fis. In ka ji, tayar da inji, ɗora bakin sukundireba a jikin injektar, ka kara ƙotar a kunnenka. Mai lafiya tana ƙas-ƙas-ƙas ba fashi.

Sai mitar auna wuta. Kashe injin, cire soket, auna ƙafafun nan biyu na injektar inda soket ɗin yake shiga. Yawancinsu suna ba da om 10 zuwa 16 (om ma'aunin turjiyar wuta ne), amma duba littafin babur ɗinka.

Yanzu ga inda ake ɓarna. Man da ke cikin tiyo a matse yake, wajen 3 a ma'aunin matsi na "bar", saboda haka cire wayar famfo, ka bar injin ya ci har ya mutu da kansa kafin ka kwance komai. Kuma ba sigari a kusa.

Ciro injektar, dubi bakinta da kyau. Waɗannan 'yan ramukan da kyar ido yake ganinsu. Fetur ɗin da ya yi watanni kwance a tanki yakan zama danƙo ya toshe su, tsatsa kuma ta cika ɗan tacen da ke samanta. Don Allah kar ka zura allura. Ramin ya buɗe, fulogi ya dinga yin baƙi, mai ya dinga tafiya a banza, kuma ba gyara. Fesa mata maganin wanke kafireta ta sama, kana ɗan taɓa mata batir kana saki, nesa da feshin saboda tartsatsi. Hazo muke nema, ba tsartuwa ba. In ka cire wuta tana ɗiga, wannan kam ta gama aiki.

Robar zoben nan da ta bushe, canza ta, ka shafa wa sabuwar ɗan baƙin mai don kar ta yage wajen shiga. Ka wanke tankin ma, in ba haka ba dattin zai dawo.